Bushewar Ido da Baki: Abin da Gwajin Jini Ke Nunawa

Akwai bushewar ido da ta baki da babu ruwanta da hunturu. Damina ta kankama, amma mace na jin kamar an zuba mata yashi a ido, ba ta iya haɗiye tuwo sai ta kora da ruwa, haƙora kuma suna ta ruɓewa. Ɗaya daga cikin musabbaban haka ita ce cutar Sjögren, mai ɗauke da sunan Henrik Sjögren, likitan ido ɗan ƙasar Suwidin da ya yi bayaninta a 1933 bayan nazarin mata 19. Garkuwar jiki ce ke juyowa ta far wa sassan da ke samar da hawaye da yawu, kuma cikin mutum goma masu ita, kusan tara mata ne.

A ɗakin gwaje-gwaje, tambayar da na fi sha ita ce: "Malam, yaya ESR ya hau amma CRP lafiya lau?" Gwajin ESR na auna yadda jajayen ƙwayoyin jini ke kwanciya a ƙasan siririyar kwalba cikin awa ɗaya. Mai wannan cuta jikinta na ƙera sinadarin kariya na IgG fiye da kima, shi ke sa ƙwayoyin su manne da juna su nutse da sauri. CRP kuwa sinadari ne a jini da hanta ke yi, kuma a Sjögren yakan zauna daidai ko ya ɗan ɗaga. Idan ya yi sama sosai, sai likita ya binciki ko wata cuta ce ta shigo, kamar ciwon huhu.

Ina yawan jaddada wa mutane cewa hawan ESR kaɗai ba hujja ba ce, domin tarin fuka da ƙarancin jini da juna biyu duk suna ɗaga shi. Abin da ya fi ƙarfi shi ne gwajin jini na sinadarin kariya mai suna anti-Ro, tare da auna hawaye da 'yar takarda a ƙasan ido na minti 5, wani lokaci har a ɗebi ɗan nama a leɓe.

Mai juna biyu da aka samu anti-Ro a jininta ta gaya wa masu awo da wuri. Cikin jarirai 100 na irin waɗannan iyaye, ɗaya ko biyu kan samu jinkirin bugun zuciya tun suna ciki, kuma da sa ido ake gano shi.