Goyo a Baya, Neman Aiki a Gaba: Shiri na Musamman Daga Kaura Goje

Shirin namu na yau ya yada zango ne a Kaura Goje, ɗaya daga cikin mazaɓu 11 na ƙaramar hukumar Nassarawa a birnin Kano, 'yar'uwar su Gama, Gwagwarwa, Tudun Murtala da Dakata. Tun a ƙidayar 2006 wannan ƙaramar hukuma ta tasam ma mutum 600,000, balle kuma yanzu.

Wanda ya ce babu aikin yi kwata-kwata a wannan yanki bai zagaya ba. Ga abin da ya rage na masana'antun Bompai, ga ƙananan injinan Dakata, ga kasuwar 'Yankaba inda kayan gwari ke sauka tun duku-duku, ga gidajen masu hali na Nassarawa GRA da ba sa rabuwa da cigiyar mai aikatau. Sai dai kusan kowannensu so yake mutum ya zo shi kaɗai, ya yi sammako, ya kai yamma. Matar da ke da goyo a baya, ga ɗan shekara uku riƙe da gefen zaninta, tambaya ɗaya ce ke tsayar da ita a bakin zaure: wa zan bar wa yaran?

A duba yadda yininta yake. Manyan yaran sun tafi firamare wajen ƙarfe bakwai da rabi, da azahar kuma sun dawo da yunwarsu. Bayan la'asar su wuce Islamiyya, kafin magariba sun shigo. Abin da ya rage mata bai wuce awa biyar da safe da awa biyu da yamma ba, a cikinsu ne za ta tari mai garuwa, ta yi wanki, ta ɗora tukunya, ta kai jariri rigakafi in ranar ta zo. Aikin shago ko na kamfani kuwa daga takwas ne zuwa biyar. Idan aka ɗora kuɗin a-daidaita-sahu na zuwa da dawowa, wanda ya yi tashin gwauron zabi tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, sai lissafin ya ƙi fita tun kafin a je ga maganar mai raino.

Doka ba ta yi shiru a kan haka ba. Sashe na 54 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya ya bai wa ma'aikaciya hutun haihuwa na mako 12, ya ce a biya ta aƙalla rabin albashinta idan ta kai wata shida a wurin aikin, ya kuma ba ta rabin awa sau biyu a yini don ta shayar. Jihar Kaduna ta mayar da hutun ma'aikatanta mata wata shida a 2019. Amma duk wannan gata ne na mai takardar ɗaukar aiki, alhali Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce fiye da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a ƙasar nan ba su cikin irin wannan tsari. Hukumar ce kuma ta sauya ma'auninta a 2023, inda rashin aikin yi ya sauko daga kashi 33.3 zuwa kashi 4.1, domin yanzu duk wanda ya yi aikin awa ɗaya a mako an lissafa shi cikin masu aiki. Ke nan bazawarar da ta yi wa maƙwabciya kitso sau ɗaya ranar Alhamis ta fita daga jerin masu neman aiki a takarda, ko da yaranta sun kwana da gari da ruwa. Wannan babban gibi ne, domin wanda ƙididdiga ba ta gani ba, da wuya kasafin kuɗi ya tuna da shi.

Matan Hausa dai ba yau suka fara haɗa raino da nema ba. A 1969 masaniyar nan 'yar Ingila, Polly Hill, ta rubuta yadda matan Batagarawa ta ƙasar Katsina ke gudanar da cinikin hatsi da abinci daga cikin gidajensu, kasuwa sukutum wadda baƙo ba ya gani. A ƙarshen shekarun 1970 kuma wata Ba'amurkiya, Enid Schildkrout, ta zauna da matan unguwannin Kurawa da Ƙofar Mazugal a cikin birnin Kano, ta gano abin da ke riƙe da wannan ciniki: yara. Su ne 'yan aike, su ne masu talla, su ke sayo kayan haɗi, su ke goyon ƙanne yayin da uwa ke bakin murhu. Ga kaka a gida, ga goggo, ga abokiyar zama, ga matan 'yan'uwan miji. Jariri ba ya rasa bayan da zai hau.

Wannan tsari ya warware ta fuska biyu. Tun da aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare na bai-ɗaya a 1976 makaranta ta fara janye yaran daga kan titi, kuma haka ya dace. Babu mai hankalin da zai so a mayar da 'yar shekara tara yawon talla tsakanin tashar mota da garejin makanikai. Sannan babban gida ya zama gidan haya. Iyalai da yawa a Kaura Goje ɗaki ɗaya ne ko ciki da falo, kaka tana can ƙauye, maƙwabciya kuwa ita ma ta kanta take yi. An cire ginshiƙan da sana'ar uwa ta dogara da su, ba a kafa wasu a gurbinsu ba.

Duk da haka ba a naɗe hannu ba. A leƙa tsakar gidan mai awara. Da asuba take jiƙa waken suya, yara na fita makaranta ta bi bayansu zuwa inji da bokiti. Ta dawo ta tace ƙullin da ƙyalle, ta ɗora ruwan a wuta, ta tsaya a kai domin da ya tafaso ba ya jira. Ta zuba ruwan tsami, ya dunƙule, ta kwashe cikin ƙyalle ta ɗaure, ta danne da dutse ya tsane. A wannan tsakanin ne take shayarwa, ta yi wa ƙaramin wanka. Suya sai bayan la'asar, daidai fitowar 'yan Islamiyya, a ƙofar gida, kasko a gabanta, idonta ɗaya a kan mai, ɗaya a kan mai rarrafe. Wannan ne wurin tsoron: tafasasshen mai da yaro mai ƙiriniya a fili guda. Ribar kuma ba ta taka kara ta karya ba, musamman ranar da gawayi ko man gyaɗa ya tashi. Amma daga cikinta ake zubin adashi, daga adashin ake biyan kuɗin littafi.

Wasu sun koma ɗinkin hula, taliyar murji, haɗa turaren wuta da humra, lalle, ko ƙulla zoɓo da kunun aya idan an samu wutar da za ta ƙanƙarar. Waya ce ta gaji faranti a wajen da yawa: a ɗora hoton kaya a WhatsApp, mai saye ya turo kuɗi ta banki, mai a-daidaita-sahu ya kai. Akwai kuma masu fita gyaran zoɓo da riɗi a rumbunan 'yan kasuwar da ke fitar da su ƙasashen waje, Meziko na cikin manyan masu sayen zoɓon. Aikin na da sauƙin shiga, sai dai ƙura ce mai shaƙe ƙirji, ba wurin kai jariri ba ne.

Maza fa? Ba a cika sako su cikin wannan zance ba, alhali suna ciki tsundum. Masaƙun Kano da suka rufe sun bar magidanta da yawa a gida, hana acaɓa a watan Janairun 2013 ya ƙara wasu. Akwai gidajen da matar ce malamar makaranta ko ma'aikaciyar jinya, mijin ne ke gida da safe. Irin wannan magidanci kan nemi gadin dare, ko ya yi karɓa-karɓar a-daidaita-sahu da wani direban, ko ya ɗauki kwangilar kai yaran unguwa makaranta da ɗauko su ana biyansa a wata, nasa yaran na ciki. Abin da ya fi balans ɗin da yake biyan mai a-daidaita-sahun yi masa nauyi shi ne bakin 'yan majalisar unguwa da ke kiransa mijin-ta-ce. Wannan gori bai da tushe a addini, domin malamai sun sha karantar da cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan taya iyalansa hidimar gida.

Matsalar ba ta Kano kaɗai ba ce. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta a 2024 cewa mata miliyan 708 ne hidimar raino da kula da gida ta hana su shiga neman aiki. Wasu wuraren sun gwada magani. A Korogocho, wata unguwar marasa galihu a Nairobi, masu bincike sun bi rayuwar uwaye kusan 850, aka biya wa wasunsu kuɗin gidan raino na shekara guda. Waɗanda aka biya wa sun fi sauran samun aiki da tazarar kashi 8.5 cikin 100, matan da ba su da aure kuma suka koma ayyuka masu tsayayyen lokaci ba tare da samunsu ya ragu ba. A Indiya, tun 1969 ƙungiyar Mobile Creches ke kafa ɗakin raino a wuraren gine-gine, inda uwa ke ɗaukar bulo, ɗanta na can gefe a hannun mai kula.

A nan gida, gidajen raino na kuɗi suna nan a yankin GRA, amma na 'ya'yan masu albashi ne. Ajin share fage na makarantun gwamnati kuma ba ya karɓar jarirai. Tsakanin haihuwa da shekara uku, wato lokacin da hannun uwa ya fi ɗaurewa, talaka ba shi da wurin zuwa sai alfarmar maƙwabta: yau ki riƙe mini, gobe in riƙe miki.

Gwamnatoci da 'yan siyasa sun daɗe suna yaye mata a shirye-shiryen koyon sana'a, a raba keken ɗinki da injin markaɗe. Abin da ya kamata a ƙara a kowace cibiya shi ne ɗaki guda mai tabarma da ruwa mai tsafta, da mata biyu da ake biya don su riƙe yaran masu koyo. A cikin unguwa ma, dattijuwar da ta raini 'ya'ya da jikoki za ta iya mayar da raino sana'arta, ta karɓi yara huɗu ko biyar daga safe zuwa azahar a kan kuɗin da mai awara za ta iya biya. Aikin ƙaramar hukuma a nan shi ne ta yi wa irin waɗannan gidaje rajista, ta ƙayyade yawan yaran da mutum ɗaya zai riƙe, ta koya musu taimakon gaggawa, sannan ma'aikatan asibitin sha-ka-tafi su riƙa leƙawa suna duba katin rigakafi da ruwan da yaran ke sha.