Albasa, rezo da kuran: Lissafin da ’yan kasuwar Galma da Madawa ke yi kafin su sayi na’ura

Daga watan Maris zuwa Afrilu, lokacin da ake cire albasa a kwarin Tarka, duk wanda ya bi babbar hanyar da ta taso daga Birnin Ƙonni zuwa Madawa zai ga buhuna jere a bakin titi, ga manyan motoci suna jiran lodi.

Abin da matafiyi ba zai gani ba shi ne, da yawa daga cikin waɗannan buhuna an riga an yi cinikinsu tun kafin su baro gona. Dillali ya ɗauki hoto ya tura ta WhatsApp, mai saye a Abidjan ko Kumasi ko kasuwar Adjen Kotoku da ke kusa da Accra ya taya da saƙon murya, an sallama, an turo kuɗin kafin alƙalami.

A Ƙaramar Hukumar Galma Kudawace da ke gundumar Madawa a Jihar Tawa, da maƙwabtanta na gundumomin Buza da Keita, wayar salula ta zama kayan aiki kamar injin ban-ruwa. Yanki ne na albasa, kuma yanki ne na bida, inda gidaje da dama ke da ɗa ko ƙane a Kwaddibuwa ko Libiya ko Najeriya, yana turo kuɗi gida.

Wani ɓangare na kuɗin yana tafiya ne wajen sayen kayan zamani: babbar waya, faranti mai aiki da hasken rana, har da na’urar intanet ta tauraron ɗan’adam. A nan ne ake yawan samun saɓani tsakanin mai turowa da mai karɓa. Na birni yana tambayar wace na’ura ce ta fi sauri. Na gida kuwa tambayarsa ita ce: wacce za ta ci gaba da aiki ranar da wuta ta ɗauke, sabis ya ɓace, ga mota ta cika tana jiran a biya direba?

Layi ɗaya ba ya riƙe ciniki

Kamfanonin waya huɗu ne ke aiki a Nijar: Airtel, da Moov Africa, da Zamani Telecom wanda ya gaji Orange bayan sayar da shi a 2019, sai Niger Telecoms na gwamnati, wanda aka samar a 2016 ta hanyar haɗe Sonitel da SahelCom. Hukumar ARCEP ce ke sa musu ido.

Sai dai ƙarfin sabis, wanda a Nijar ake kira rezo, ba a talla ake gane shi ba. Nisan wuri daga turken sadarwa da yanayin ƙasa ne ke yanke hukunci. A bakin kwalta abin da sauƙi. A ƙasar Buza da Keita kuwa, inda duwatsun Adar suka raba kwari da kwari, tudu ɗaya kan tare sabis, ƙauye ya samu a kan dutse ya rasa a cikin fadama, alhali a fadamar ne aikin yake.

Shi ya sa gogaggun ’yan kasuwa ba sa rabuwa da layi biyu na kamfanoni daban-daban. Kafin su zaɓa kuma sukan gwada a wurare uku: gona, wurin ajiya da wurin lodi. Layin da ke buɗe bidiyo a tsakiyar Madawa amma ya kasa tura saƙon murya daga gindin rijiya bai biya buƙata ba.

Masu harka a kudancin gundumar, wajen Bangi da ke iyaka da Najeriya, suna da tasu matsalar. Waya kan kama sabis na tsallaken iyaka da kanta, kuɗin kira ya zube ba a sani ba. Maganin shi ne mutum ya shiga saitin waya ya zaɓi kamfaninsa da hannu.

Akwai kuma katsewar da ta fi ƙarfin kowane kamfani. A watan Fabrairun 2021, bayan zaɓen shugaban ƙasa, an rufe intanet na wayar hannu a Nijar na kusan kwana 10. A ranar 14 ga Maris, 2024 kuma, manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku sun lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, abin ya taɓa ƙasashe da dama. Nijar ba ta da gaɓar teku, ta maƙwabta intanet ɗinta ke shigowa. Wanda duk lambobin abokan cinikinsa da lissafin bashinsa ke cikin WhatsApp kaɗai, a irin waɗannan ranaku hannunsa a ɗaure yake.

Wuta kafin komai

Kafin juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023, kusan kashi 70 cikin 100 na wutar lantarkin da Nijar ke amfani da ita daga Najeriya take zuwa. A farkon watan Agustan shekarar Najeriya ta katse wutar saboda takunkumin ECOWAS, ba ta dawo ba sai bayan ɗage takunkumin a watan Fabrairun 2024.

Watannin nan sun koya wa masu shaguna darasi. Ko tashar hasken rana ta Malbaza mai megawat 7, wadda aka buɗe a 2018 a nan cikin Jihar Tawa, ba ta isa ta cike giɓin ba. Ƙauyuka da yawa kuwa dama layin kamfanin NIGELEC bai kai gare su ba, kuran sai dai labari.

Man fetur ma ya daina zama abin dogaro. Shekara da shekaru injinan ban-ruwa na yankin suna shan man da ake shigowa da shi daga Najeriya ana sayarwa a kwalabe, wanda ake kira ruwa-ruwa. Da Shugaba Bola Tinubu ya janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, arhar ta ƙare. A watan Maris na 2025 kuma Nijar ta shiga ƙarancin mai, daidai lokacin da albasa ke gab da nuna.

Wannan ne ya ƙara wa hasken rana daraja. A wuraren da ruwa ke kusa a kwarin Tarka, famfo mai aiki da rana yana ɗaga ruwa ba tare da batir ba, domin da rana ake ban-ruwa. Mai shago kuwa dole sai da batir, kuma a nan kuɗi ke salwanta. Zafin Afrilu da Mayu, da ke wuce maki 40, yana rage wa batir kwana, musamman irin na da mai ruwa idan ana barinsa ya ƙare ƙarƙaf. Na litiyam ya fi tsada amma ya fi jurewa. Ƙurar hunturu kuma kan rufe faranti ta rage masa ƙarfi, sai ana gogewa a kai a kai.

Kayan da aka turo daga waje ba tare da an san wanda zai gyara su a Madawa ko Ƙonni ba, ranar da suka tsaya sun zama kayan ado. Tambayar farko ga mai sayarwa ita ce: in ya lalace, wa zan kira, kuma daga ina zai zo?

Ta wace hanya kuɗin zai bi?

A Nijar, ba bankuna ne suka mamaye harkar tura kuɗi ba. Kamfanoni irin su Nita da Al Izza da Amana da BNIF Afuwa ne mutane suka fi sabawa da su: a kai kuɗi kanta a wani gari, a karɓa a kanta a wani. A gefe guda kuma akwai asusun waya, kamar Airtel Money da Moov Money da Zamani Cash.

Kowanne da inda ya fi ƙarfi. Asusun waya ya dace da ƙananan biya: kuɗin leburori, kuɗin buhu, cefanen gida. Amma wakilin ƙauye ba shi da kuɗin da ya wuce abin da ke cikin akwatinsa. Ranar kasuwa, mutum na iya ganin kuɗin mota guda a allon wayarsa, wakili ya ce babu tsaba. Babban ciniki ya fi son kanta ta cikin gari, kuma a sanar da su tun da wuri.

Ƙasar da kuɗin ya fito ma tana sauya lissafi. Daga Abidjan sefa ce zuwa sefa, babu canji, kuma darajarta a ɗaure take da yuro a kan 655.957. Ficewar Nijar daga ECOWAS a watan Janairun 2025 ba ta taɓa wannan ba, domin ƙasar tana nan cikin ƙungiyar UEMOA ta masu amfani da sefa. Daga Ghana ko Najeriya kuwa sai an bi ta hannun ’yan canji. Waɗanda suka riƙe tsofaffin takardun naira a farkon 2023, lokacin sauyin kuɗi, ko suka sayar bashi da naira kafin darajarta ta faɗi a tsakiyar shekarar, sun san abin da ake nufi. Mai hankali kan faɗa tun a bakin ciniki da wane kuɗi za a biya, kuma a kan canjin wace rana.

Akwai wani tarko da baƙo ba ya lura da shi. Bahaushen Nijar da dala yake ƙirga kuɗi, dala ɗaya kuwa sefa 5 ce. Idan aka ce ɗari a kasuwar Madawa, sefa 500 ake nufi, jika ɗaya kuma sefa 1,000. Ita waya ba ta san dala ba, sefa take rubutawa. Yaron da aka haifa a Kano ko Legas, aka ce ya tura ɗari biyar, zai iya danna 500 alhali 2,500 ake jira. A babban ciniki, irin wannan kuskure yana raba zumunci. Hanyar tsira ita ce a faɗi adadin da baki, sannan a rubuta shi da lambobi.

Starlink: riba ko nauyi?

Gwamnatin Nijar ta rattaba hannu da kamfanin Starlink a watan Oktoban 2024, ya kuma fara aiki a ƙasar a watan Maris na 2025. Tun daga nan ya zama abin da matasan da ke bida suka fi sha’awar saya wa gida, ko dai don harkar iyali ko don a buɗe wurin sayar da Wi-Fi.

Amfaninsa a fili yake: ba ruwansa da turken sadarwa ko tudun da ya tare shi, sararin sama kawai yake buƙata. Amma sayen na’urar shi ne mafi sauƙi a cikin lamarin. Akwai kuɗin wata-wata da ba ya jiran kaka. Akwai wuta: na’urar da ke jan wat 75, idan ta kwana ta wuni a kunne, ta sha kusan kilowat-awa 2 a rana, wato sai an tanadar mata faranti da batir nata na kanta. Ruwan sama mai ƙarfi kan raunana ta na ɗan lokaci. Sannan sayar wa jama’a intanet sana’a ce da ke ƙarƙashin dokokin ARCEP, wanda ya fara ba tare da ya nemi sanin ƙa’idar ba ya sa jarinsa a hatsari.

Ga manomi ɗaya da buƙatarsa ba ta wuce hoto da saƙon murya ba, wannan nauyi ne. Ga ƙungiyar manoma ko wurin lodi da mutane da yawa za su raba kuɗin, lissafin na iya fita.

Saƙon murya ba takarda ba ne

Saƙon murya ya buɗe ƙofa ga waɗanda ba su yi boko ba. Ko ƙungiyar RECA, mai haɗa majalisun manoma na Nijar, ta wannan hanya take amsa tambayoyin manoma da Hausa da sauran harsunan ƙasa. Farashin da a da sai dillali ya ga dama ya faɗa, yanzu manomi na iya jin sa daga bakin ɗan’uwansa da ke tsaye a kasuwar Abidjan. Wannan na taimaka masa ya yanke shawarar sayarwa nan take, ko zubawa a rudu ya jira farashi ya tashi bayan damina, duk da cewa ajiyar ma tana cin nata rabon ta hanyar ruɓewa.

Amma saƙo ana iya goge shi, waya tana faɗawa rijiya, ana kuma sace ta. Masu damfara sun san haka. Sukan turo saƙon ƙarya mai kama da na shigar kuɗi, ko hoton rasit na jabu, su matsa a saki kaya. Wasu kan kira su nemi lambobi shida da WhatsApp ya turo, da zarar an ba su sai su ƙwace asusun, su shiga roƙon kuɗi da sunan mai shi.

Matakan kariyar ba sa cin ko dala. Kada a saki kaya sai an duba asusu da kai an ga kuɗin. Kada a faɗa wa kowa lambar sirri, ko da ya ce daga kamfani yake. A kunna matakin tsaro na biyu a WhatsApp. Layin da ake karɓar kuɗi da shi ya kasance da sunan mai harkar aka yi masa rajista, domin ranar da ya ɓata, mai sunan kaɗai kamfani zai saurara. Sannan kowane bashi ya shiga littafi: yawan buhu, farashi, rana da shaidu, kamar yadda addini ma ya yi umarni.

Ga ɗan bida da ke shirin turo kuɗi kafin a fara dashen albasa a ƙarshen shekara, tsarin da ya fi tsare jari shi ne a fara da wuta, sai layi biyu da aka gwada a gona, sai hanyar kuɗi biyu, sai littafi. Idan waɗannan sun zauna kuma kuɗi ya ragu, a nan ne maganar tauraron ɗan’adam ke tasowa. Kafin a biya kuwa, a kira wanda ke tsaye a bakin rijiya a tambaye shi abin da ya fi hana shi aiki a bara.