Yawo cikin kogin Isa: mu san dorina kafin mu shiga jirgi

Ƴan'uwa na Maraɗi, Damagaram da Tawa, da yawanmu ba mu taɓa ganin kogin Isa ba, wanda wasu ke kira Kwara. Kogin ya taso daga ƙasar Gine, ya ratsa Mali, ya shigo ƙasarmu. Tsawonsa ya kai kilomita 4200. Kilomita 550 daga ciki suna cikin Nijar, tun daga wajen Ayeru har Gaya.

In Allah ya kai mutum Yamai, yana iya kwasar iyali da abokai su je su ga namun ruwa. Kusa da Yamai akwai garin Bubon, tafiyar wajen kilomita 25. A can masu jirgi ke ɗaukar baƙi cikin kwale-kwale. Yawo ne mai daɗi, amma yana da ka'ida, domin ruwan yana da mai gida. Mai gidan kuwa dorina ce.

Abin da ake gani

A fita da sassafe ko da la'asar, lokacin da rana ba ta da zafi. Tsuntsaye ne ke fara tarbar mutum: balbela, zalɓe, kirinjijiya da dinya. Ana ganin masunta suna jefa birgi, mata suna wanki, shanu suna cin ciyawar burgu a bakin ruwa. Akwai ayu a kogin, amma ganinsa sai mai sa'a, don ɓuya yake.

Da bazara ruwa yana janyewa, rairayi ya fito. Lokacin ne aka fi ganin dorina. Daga nesa sai ka ce duwatsu ne. Sai an kula za a ga kunnuwa suna motsi.

Wace ce dorina?

Bayan giwa da karkanda, babu dabbar ƙasa da ta fi dorina girma. Namiji yakan kai kilo 1500, wani ya wuce haka nesa. Da rana tana cikin ruwa, domin fatarta ba ta jure rana. Idonta, hancinta da kunnenta duk a saman kai suke, shi ya sa take kallon mutum alhali jikinta na ɓoye. Tana iya nutsewa har minti 5 ba ta fito ba.

Dorina ba ta cin kifi. Ciyawa take ci. Da dare take hawa tudu kiwo, ta ci wajen kilo 40 kafin asuba. Kashinta yana zama abinci ga ƙananan halittun ruwa, su kuma kifi ya ci su. Ke nan masunci ma yana cin moriyarta.

Macen tana ɗaukar ciki wata 8, ta haifi ɗa guda. Mai jego ta fi kowa faɗa. Namiji kuma yana da yankin ruwansa, ba ya son a ratsa shi.

Ina haɗarin yake?

Kada girman jikinta ya ruɗe mu. A ƙasa tana gudun kilomita 30 cikin awa guda, mutum ba ya tsere mata. A ruwa kuwa tana iya tasowa ƙarƙashin jirgi ta kifar da shi. A cikin watan Nuwamba na 2014, dorina ta kifar da wani jirgi kusa da Yamai. Mutum 13 suka rasu, 12 daga ciki yara ne. Allah ya jiƙan su.

Manoman bakin kogi su ma suna kuka, don takan shiga fadamar shinkafa ta yi ɓarna cikin dare. A shekarar 2017 rikicin ya yi tsanani a yankin Ayeru, har aka kashe dorina da dama. A wannan shekara gwamnati ta keɓe musu wurin zama a yankin Kandaji. Doka ta hana kashe dorina. Wanda ta yi wa ɓarna, ya kai kukansa wurin ma'aikatan gandun daji.

Abin da ya kamata mu kiyaye

A tambayi hukuma labarin hanya kafin a tashi. A shekarun nan babu kwanciyar hankali a wurare da yawa na jihar Tilaberi, har da Ayeru da gandun dajin W.

A ɗauki mai jirgi ɗan wurin, wanda ya san inda dorina ke kwanciya. In ya ce a koma, a koma.

Kada a cika jirgi fiye da kima. Kowa ya zauna, a sa yara a tsakiya. In akwai rigar ruwa, a sa.

A tsaya nesa. Kada a yi ihu ko jifa, kada a shiga tsakanin uwa da ɗanta. In ta wangale baki, ba hamma take ba, kashedi ne.

Wanda ke tudu kada ya tare mata hanyar komawa ruwa. A bar kogi kafin magariba.

Namun dajin da kakanninmu suka sani a Katsina da Gobir, yau sai a tatsuniya. Dorina tana nan tukuna. In mun ba ta wurinta, ƴaƴanmu za su gan ta da idonsu, su kuma dawo gida lafiya.