Ba Kullum Laifin Rezo Ba Ne

A Magarya, duk abin da ya ƙi tafiya a waya, rezo ake ɗora wa. Saƙo bai shiga ba, rezo. Hoto ya tsaya rabi, rezo. Mutum zai cire layin Airtel ya sa na Zamani, ya cire ya sa Moov, in kuwa yana wajen Tinkim ko ƙauyukan Dungas masu kallon Maigatari, ya jarraba layin Najeriya da ke tsallako iyaka ba tare da an tambaye shi takarda ba. Sau da yawa da gaskiyarmu, rezon namu ba na a zo a gani ba ne. Amma akwai wata matsala da ke fakewa a bayansa, tana cinye wa mutane kuɗi da lokaci, kuma ko eriya aka kafa maka a tsakar gida ba za ta warware ba.

Bara, bayan fitowar sakamakon jarrabawar bak, ɗan ƙanwata ya tafi wata sibar a cikin gari don ya cike takardar rajistar karatu ta intanet. Ya rubuta suna, ya rubuta ranar haihuwa, ya ɗora hoto, sai maɓallin turawa ya ƙi motsi. Ya danna har yatsa ya gaji. Kwana biyu yana komawa yana biyan kuɗin awa, a na uku ya zo ya same ni ido ya yi ja, ya ce, “Kawu, ku taimake ni da kuɗin mota in tafi Damagaram, an ce can rezo ya fi ƙarfi.” Tafiyar kilomita wajen 90 ke nan saboda maɓalli ɗaya. Na ce mu fara leƙa sibar ɗin tukuna. Da muka je na ga bidiyo na tafiya sumul a kwamfutar da ke kusa da tasa, na san ba rezo ba ne. Na tambayi mai wurin, “Malam, ko akwai abin da kuka ƙara wa burauzar nan?” Ya ce ƙwarai, tun da ƙwayar cuta ta taɓa lalata masa kwamfutoci biyu, wani ya sa masa abin tare talla da abin hana shafuka gudanar da umarni. Muka buɗe wa wannan shafin kaɗai ƙofa, muka sake loda shi, sai ga wani ɗan akwati da ba a taɓa gani ba ya fito a ƙasan takardar, mai tambayar ko kai mutum ne ko na'ura. Yaron ya danna, takarda ta tafi.

Don a gane abin da ya faru, sai an san cewa shafin intanet na yau ba takarda ba ne da ake miƙo maka ka karanta. A farkon zamanin intanet haka yake: rubutu da hoto, sai mahaɗar da za ta kai ka wani shafin. A 1995 wani Ba'amurke mai suna Brendan Eich, yana aiki a kamfanin Netscape, ya tsara wani harshen ba kwamfuta umarni da aka sa wa suna JavaScript. Da shi ne shafi ke aiko wa wayarka ƙananan umarni, ita kuma ta aiwatar. Jerin sunayen gundumomi da ke saukowa in ka taɓa, kalandar da kake zaɓar ranar haihuwa, gargaɗin da ke cewa lambar wayarka ba ta cika ba, maɓallin biyan kuɗi, duk aikinsa ne. In aka hana shi gudu, shafin zai tsaya a gabanka da kamanninsa, kamar mota mai sabon fenti da babu inji.

Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne umarnin ba daga gida ɗaya suke zuwa ba. Wanda ya taɓa kai sa kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya san ciniki ba na mutum biyu ba ne. Ga mai saye, ga mai sayarwa, ga dillali a tsakani, ga mai rubuta takardar shaida, ga mai canjin sefa da naira. A gefe kuma ga maroƙi, ga mai tallar magani da lasifika, ga wanda ke bin ka da ido yana lissafin abin da ka sa a aljihu, ga kuma ɗan sane. Shafi ɗaya in ka buɗe shi haka yake tara jama'a: akwatin tantance mutum daga Google yake zuwa, tagar biyan kuɗi daga wani kamfani dabam, talla daga wani, masu ƙirga baƙi da bin sawunsu daga wasu. Abin tsaron da aka ƙara wa burauza dogari ne da aka tsayar a bakin kara aka ce ya kori baƙin fuska. In aka yi sa'a ya kori ɗan sane da mai lasifika. In ba a yi ba, ya haɗa da dillali da mai takarda, ciniki ya tsaya, shi kuma yana ganin ya yi aiki.

Dogarawan nan iri-iri ne. Mafi tsanani shi ne NoScript, wanda wani ɗan Italiya, Giorgio Maone, ya fitar a 2005. Shi ƙa'idarsa kowa ɓarawo ne sai ka ce ka san shi, don haka yake hana kowane umarni gudu har sai ka ba gidan da ya aiko shi izini. Masana na son sa, amma a hannun wanda bai san kansa ba wahala ce zalla. Akwai masu sassauci, irin su Adblock Plus na Wladimir Palant da ya fito a 2006, da uBlock Origin na Raymond Hill. Su da jerin sunaye suke aiki, mafi shahara shi ne EasyList, wanda 'yan sa-kai ke sabuntawa, har da reshensa na shafukan Faransanci. Duk abin da adireshinsa ko sunansa ya yi kama da na talla sai a tare shi. Nan kuskure ke shigowa. Mai gina shafi na iya sa wa wani ɓangare mai amfani suna mai kama da na talla ba da niyya ba, jerin ya gan shi ya share. Manyan shafukan Turai da Amurka in haka ta faru, cikin sa'o'i wani ya kai ƙara an gyara. Shafin wata ƙaramar ma'aikata a Yamai ko Dutse fa, wa zai kai ƙararsa? Sai ya shekara a karye ga masu abin tare talla, kowa na zagin rezo.

Kada wani ya ɗauka masu sa waɗannan abubuwa tsoron banza suke ji. A 2018 ɓarayi sun cusa 'yan layukan umarni a shafin kamfanin jiragen sama na British Airways, suka riƙa kwashe bayanan katin banki na masu sayen tikiti. Abin ya shafi mutum fiye da 400,000, kuma a 2020 hukumar kare bayanai ta Birtaniya ta ci kamfanin tarar fam miliyan 20. A watan Yuni na 2024 an gano cewa wani adireshi mai suna polyfill.io, wanda shafuka sama da 100,000 ke aro umarni daga gare shi, ya sauya hannu, sabbin masu shi suna karkatar da masu waya zuwa shafukan caca da damfara. A wurinmu kuma akwai dalilin da ya fi waɗannan kusa da aljihu: talla da bidiyon da ke kunna kansa forfe, wato data, suke ci. Wanda ya sayi forfen ɗari biyar da kuɗin gumi, ba ya bukatar wa'azi kafin ya so a tare masa su.

Sai dai yawancin mutanen Bande, Wacha, Sasumburum ko Dogo-Dogo ba da kwamfuta suke shiga intanet ba, kuma Chrome na wayar Android ba ya ma karɓar irin waɗannan ƙare-ƙare. To ta ina abin ya shafe su? Ta burauzar kanta, domin da dogarinta take zuwa. Opera Mini, wadda wani kamfanin ƙasar Norway ya fitar tun zamanin wayoyi masu maɓalli, ta samu karɓuwa a Afirka ne saboda tsimin data. Yadda take yi shi ne ba wayarka ke ɗauko shafi kai tsaye ba. Kwamfutocin kamfanin ne ke buɗe shi a can, su matse shi, su aiko maka da ƙaramin kwafi. A matakin tsimi mafi tsanani, umarnin shafin a can ake gudanar da su na ɗan lokaci kaɗan sannan a tsayar. Don karanta labarai wannan ya wadatar, har ma ya fi. Don cike takarda mai matakai huɗu, ko biyan kuɗi, tamkar aika yaro ne ya yi maka jarrabawar baka: zai dawo da abin da ya ji, amma tambaya ta gaba ba ka nan. Tun 2016 kuma Opera Mini na da abin tare talla a cikinta. Haka Phoenix da ake samu a wayoyin Tecno da Itel da Infinix da yawa, haka Brave. Mutum bai sa komai da hannunsa ba, bai ma san akwai mai gadi a ƙofar ba.

Ga kuma VPN, wanda samarinmu suka koya daga maƙwabta lokacin da gwamnatin Najeriya ta rufe Twitter daga Yuni 2021 zuwa Janairu 2022, wasu kuma suke bari a kunne don neman data ta ɓagas. Shi ba umarni yake tarewa ba, adireshinka yake sauyawa. Kana zaune a Malawa, shafin na ganinka a Holand ko Amurka, tare da dubban mutanen da ke bi ta ƙofa ɗaya da kai. Shafin banki in ya ga haka dole ya yi zargi. Sai ya hana ka shiga, ko ya yi ta jero maka hotunan motoci da fitilun titi ka zaɓa, ka gama ya kawo wasu.

Abin da ya fi ba ni haushi a lamarin nan shi ne wani dogarin da kansa ɓarawo ne. A ƙarshen 2019 Wladimir Palant ɗin nan ya fallasa cewa ƙare-ƙaren tsaro na kamfanin Avast suna tattara tarihin shafukan da mutane ke shiga fiye da abin da aikin ke bukata. Aka cire su na ɗan lokaci daga rumbun Firefox, aka kuma gano wani reshen kamfanin mai suna Jumpshot na sayar da bayanan. An rufe reshen a farkon 2020, a 2024 kuma hukumar kula da ciniki ta Amurka ta sa kamfanin biyan dala miliyan 16.5. Wannan babban kamfani ne mai suna da adireshi. Ina ga manhajojin da ake tura wa juna ta Xender a rumfar cajin waya, masu alkawarin wanke waya da sanyaya batir da kashe ƙwayar cuta a lokaci ɗaya? An ba kura ajiyar nama ke nan. Duk abin da aka ba izinin tace shafukanka, an ba shi izinin karanta abin da kake rubutawa a cikinsu.

Gane bakin zaren ba wuya. In shafi ya buɗe, rubutu ya fito, amma maɓalli ya ƙi amsawa, ko wani wuri ya zama fili fari, ko ka biya kuɗi rasit bai fito ba, fara buɗe wani shafin ka gani. In wancan na tafiya, saki rezo ya huta. Kashe VPN in yana kunne. A Opera Mini shiga wurin tsimin data ka sauke shi ko ka kashe, ka kashe abin tare talla, sannan ka sake lodawa, ko kuma ka kwafi adireshin ka kai shi Chrome. A kwamfuta, buɗe tagar sirri, domin a Chrome da Firefox ƙare-ƙare ba sa aiki a cikinta sai an ba su izini na musamman. In shafin ya yi aiki a can, ka kama mai laifi. Daga nan ba sai ka kori dogarin gaba ɗaya ba, garin gyaran gira a rasa ido. Kusan kowannensu na da maɓallin da ke cewa wannan gidan na sani, bar shi ya wuce. Amma kafin ka buɗe, karanta adireshin harafi-harafi, ka tabbata wanda makaranta ko banki suka bayar ne, ba wanda aka turo a zauren WhatsApp da alkawarin tallafi ba. Shafin kallon ƙwallo ko sauke fim da ya ce sai ka kashe abin tare talla, wannan kam ka san abin da yake so.

Wurin biyan kuɗi ya fi ko'ina hatsari. Sau da yawa kuɗin sun fita, tagar da za ta nuna shaida ce aka tare. Mai gaggawa sai ya sake dannawa, a cire masa sau biyu, ya shiga zaryar neman a mayar masa. Duba saƙon da ya shigo wayarka da ragowar kuɗinka kafin yatsa ya koma kan maɓallin.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Masu gina shafukan hukumomi da makarantu suna zaune a ofis mai sanyi da intanet mai gudu, suna jarraba aikinsu a sabuwar kwamfuta, su ce ya yi. Shafin da talaka zai nemi gurbin karatu ko takardar shaida bai kamata ya rataya a wuyan gidaje goma na ƙasashen waje ba, ta yadda in ɗaya ya faɗi komai ya tsaya. In kuma dole ne, to shafin ya buɗe baki ya ce da mutum wani ɓangare bai iso ba, ga abin da zai yi. Layi ɗaya ne na rubutu, da Faransanci da Hausa. Da akwai shi a shafin da ɗan ƙanwata ya yi fama da shi, da bai biya kuɗin awa na kwana biyu ba.

Mai sibar ɗin, da na sake bi ta wurinsa bayan sallah, na tarar ya raba aiki biyu. Kowace kwamfuta burauza biyu: ɗaya da duk dogarawanta don samari masu kallon ƙwallo da sauke waƙoƙi, ɗaya kuma wankakkiya ba a ƙara mata komai ba, don rajista da biyan kuɗi kaɗai. Ya rubuta haka da alli a jikin ƙofa, a ƙasan farashin fotokofi.