Motar da guduma ba ta gyarawa: yadda ake ɗinke jikin zaren kabon

Idan motar ƙarfe ta yi karo, aikin sananne ne a kowane gareji daga Yamai zuwa Damagaram: a sa guduma a tayar da inda ya lotsa, mai walda ya haɗe inda ya tsage, a bi da fenti. Amma akwai motocin da wannan dabara ba ta ci a jikinsu. Su ne motoci masu tsananin gudu irin su Ferrari, Lamborghini da McLaren, da wasu samfuran BMW, waɗanda aka ƙera jikinsu ko wani sashe nasa da zaren kabon.

Mene ne zaren kabon?

Zare ne baƙi wanda ya fi gashin kai siranta. Ana samun sa ta hanyar gasa wani zaren roba a zafin da ya haura digiri 1,000 a wurin da babu iskar da wuta ke ci da ita, har sai kusan kabon zalla ya rage. Daga nan a haɗa dubban zaruruwa a saƙa su kamar tabarma, a jera saƙar falle bisa falle, a jiƙa da danƙon efoksi, a gasa har ya daskare. Abin da ke fitowa yana da ƙarfin gaske, alhali nauyinsa kusan kashi ɗaya cikin biyar ne na ƙarfe mai girmansa.

A shekarar 1981 kamfanin McLaren na Ingila ya fito da MP4/1, motar tseren Formula 1 ta farko da aka gina gangar jikinta da wannan zare. A waccan shekarar direbanta John Watson ya yi mummunan haɗari a filin tseren Monza na Italiya, motar ta rabu biyu, amma ya fito da ƙafafunsa. Tun daga nan sauran kamfanoni suka bi sahu.

Raunin da ido ba ya gani

Ƙarfe idan ya sha duka yakan lotsa, kowa ya ga wurin. Zaren kabon ba ya lotsawa. Ko dai ya karye, ko kuma fallayen su rabu da juna daga ciki, saman yana nan yana sheƙi kamar ba abin da ya faru. Nan haɗarin yake, domin sashen da ya rabu daga ciki ya rasa ƙarfinsa, kuma yana iya darewa a lokacin da motar ke tsakiyar gudu. Ɗan hakin da aka raina shi ke tsone ido.

Saboda haka gyara na farawa ne da bincike. Gwajin farko daidai yake da na mai sayen tukunyar ƙasa a kasuwa: a ƙwanƙwasa a saurara. Mai gyara kan bi jikin da tsabar kuɗi ko ƴar ƙaramar guduma. Inda yake lafiya sauti na fita tas, inda ya rabu kuwa sai a ji shi a dushe. Bayan nan ake kawo na'urar da ke leƙa ciki da sauti, dangin wadda ake duba masu juna biyu da ita a asibiti, don a san iyakar raunin da zurfinsa.

Yadda ake ɗinkin

Aikin ya fi kama da na gyartai mai ɗinkin ƙwarya fiye da na maƙeri. Da farko a yanke wurin da ya lalace. Sannan a goge gefen ramin a kwance, sannu a hankali, har fallayen su bayyana ɗaya bayan ɗaya kamar matakala. Gangaren yakan kai ninki 20 zuwa 50 na kaurin sashen: idan kaurin milimita 2 ne, gugar na iya kaiwa santimita 4 zuwa 10 a kowane gefe. Wannan faɗin ne ke ba sabon faci wurin kamawa.

Sai a yanko sabbin fallaye a jera su. Nan gwaninta take, domin zaren kabon yana da ƙarfi ne kawai ta inda ya miƙe. Kowane falle dole ya fuskanci inda na asali ya fuskanta, wani a tsaye, wani a gicciye, wani a karkace. Idan aka saɓa tsarin, facin zai yi kyau a ido amma ba zai ɗauki nauyi ba.

Daga ƙarshe a rufe wurin da leda ta musamman, a zuƙe iskar ciki don fallayen su matsu, a ɗora bargon lantarki mai ɗumama wurin, sau da yawa zuwa wajen digiri 120, na tsawon sa'o'i. Saƙar da ke zuwa da danƙonta a jiki kuwa a firiza ake ajiye ta, a digiri 18 ƙasa da sifili, in ba haka ba ta daskare tun kafin a yi aiki da ita. Ƙurar gugar ma abin tsoro ce: tana cutar da huhu da fata, kuma tana ɗaukar lantarki, har takan ƙona injinan da ke kusa.

Abin da ake gyarawa da wanda ake sauyawa

Murfin inji, fiffiken baya ko murfin madubi, ƙwararren mai gyara na iya ɗinke su. Gangar jikin da ke kare direba kuwa sai da umarnin kamfanin da ya ƙera motar. Lamborghini, wanda ya fito da Aventador mai gangar kabon a 2011, ya tanadi ma'aikata da ake yi wa laƙabi da likitoci masu yawo a jirgi: sun samu horo a wajen kamfanin jiragen sama na Boeing, kuma sukan tashi da kayan aikinsu zuwa duk ƙasar da motar ta yi haɗari. A motar BMW i3 ta 2013, kamfanin ya tsara wuraren da za a yanke sashen da ya lalace a manna sabo da danƙo. Idan raunin ya yi yawa, sauyawa ce kawai mafita.

Irin waɗannan motoci ba su da yawa a titunan Nijar, amma wasu motocin hannu da ke shigowa ta Lome na zuwa da rufi ko murfin inji na kabon. Mai saye ya kamata ya nemi tarihin haɗarin motar, ya kuma bambance kabon na gaske da ledar ado da ake mannawa mai zanensa. Rana mai zafi tana cin danƙon da ke sama har ya yi rawaya ya fara ɓarewa, don haka inuwa na ƙara masa kwana. Wanda kuma aka ce za a toshe masa tsagar kabon da abin cike ramin jikin mota a bi da fenti, ya sani an rufe ciwon ne kawai, ba a warkar da shi ba.