Kafin Ka Sayi Kwamfutar Haɗa Bidiyo

A yau babu auren da za a ɗaura a Salaga, ko sunan da za a raɗa a Bawku, ko Dambar da za a yi a Yendi, ba ka ga samari sun ɗaga kyamara ko waya suna ɗauka ba. Ɗauka ba ta da wuya. Wahalar tana wajen haɗawa, wato a yanke nan, a liƙa can, a sa sauti, har abu ya zama na kallo.

Wani tsohon ɗalibina ya tara kuɗinsa ya sayo kwamfuta 'yar gwanjo, mai sheƙi, gwanin sha'awa. Aikinsa na farko bikin aure ne. Da ya zuba hotunan sai na'ura ta riƙa sandarewa, daga baya faifan ajiyarta ya mutu. Ba shi da kwafi. Kuɗin aiki dai ya mayar, amma addu'ar da kakar amarya ta yi a ranar ta tafi ke nan, domin tsohuwar ta rasu bayan wata biyu.

A 1990, lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fito da Turmin Danya, zamanin kaset ne. Masu haɗa hoto a wancan lokaci kan jona bidiyo biyu, ɗaya na kunnawa, ɗaya na naɗa. Yanzu kwamfuta ke wannan aiki, kuma sai an san cikinta kafin a saya.

Mu ɗauki misalin mai goro, tun da Salaga da goro ta yi suna. Furosesa ita ce hannun mai tsinta. In hannu na da nauyi, aiki ba ya sauri. A nemi Intel Core i5 ko i7, ko kuwa AMD Ryzen 5. In Intel ce, kada ta gaza zubi na takwas, wanda ya fara fitowa a 2017. Dalili kuwa, Microsoft ya daina kula da Windows 10 a watan Oktoba na 2025, kuma Windows 11 ba ta amince da mafi yawan waɗanda suka girmi wannan zubi ba.

RAM ita ce tabarmar da ake baza goro. In ta yi ƙanƙanta, sai a yi ta kwashewa ana sake zubawa. Ta ɗalibina gigabait 4 ce kacal. Kamfanin Adobe ya ce manhajarsa ta Premiere Pro na son aƙalla 8, ya kuma ba da shawarar 16 ga hoton HD, 32 ga hoton 4K. DaVinci Resolve, wadda ake samu kyauta, ita ma 16 take so. Ta fi dogara da katin hoto, don haka a nemi kati mai gigabait 4 nasa na kansa.

Faifan ajiya shi ne huhu. Irin SSD ya fi tsohon faifai mai juyawa sauri nesa ba kusa ba, ya kuma fi jure gargadar hanya a bayan babur. Bidiyon waya na HD kan ci kimanin gigabait 8 a awa guda, na 4K kuwa ya haura 20. Biki uku ko huɗu sun isa su cika faifai mai 256. Saboda haka a sayi faifai na biyu na waje, kuma kada a kwanta barci ran biki sai an kwafe komai a cikinsa.

Sai kuma abin da mai kanti a Kumasi ko Ankara ba lalle ya faɗa maka ba, wato yanayin arewa. A watan Maris da Afrilu zafin Bawku kan kai digiri 40, ƙurar hunturu kuma na toshe fankar na'ura. Kwamfutar da ta yi zafi kan rage gudu da kanta. A riƙa hure ƙurar, a daina ɗora ta kan katifa. Mai kwamfutar tebur ya sayi UPS, batirin da ke riƙe ta 'yan mintoci in an ɗauke wuta, har a adana aiki.

Wanda ƙarfinsa bai kai ba kada ya karaya. Ya ɗauki hoto a HD, ya bar 4K tukuna. Masu biki dai a waya za su kalla. Ya kuma je kasuwa da bidiyonsa, ya gwada a gaban mai kaya kafin ya ƙirga masa ko sidi ɗaya, domin gani ya kori ji.

Hoton bikin mutane amana ce, kuma ba a maimaita ɗaurin aure don kwamfuta ta lalace. Allah ya ba mu ikon riƙe amana, amin.