Na'urar Intanet A Ofis: Abin Da Ake Mantawa Bayan An Kafa Ta

Duk wanda ya shiga manyan ofisoshin gwamnati ko makarantun gaba da sakandare a yau, idan ya ɗaga kai zai ga wani ɗan farin akwati kamar faranti a manne da silin ko bango, yana ƙyafta fitila. Wannan ita ce na'urar da ke rarraba intanet ba tare da waya ba, watau abin da jama'a suka sani da Wi-Fi. Ranar da aka kafa ta akan yi murna, a sa hannu a takarda, a biya ɗan kwangila. Sai bayan wata shida ko shekara a fara cewa ai na'urar ta mutu, alhali kuwa sau da yawa lafiyarta ƙalau, saitin cikinta ne ba a kula da shi ba.

Jihar Jigawa ba baƙuwa ba ce a wannan fanni. Tun zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, wanda ya yi mulki daga 1999 zuwa 2007, aka kafa kamfanin Galaxy a Dutse domin harkar intanet, da kuma makarantar koyon aikin kwamfuta a Kazaure. Daga baya Jami'ar Tarayya ta Dutse ta zo a 2011, ta jiha kuma a Kafin Hausa a 2013. Tun 2015 kuma hukumar JAMB ta mai da jarrabawarta kacokan ta kwamfuta. Saboda haka ɗalibin Miga da ke neman shiga jami'a, da akawun da ke aika lissafin albashi zuwa Dutse, duk hanyar sadarwa ce igiyarsu.

Abu na farko shi ne kalmar sirri, kuma iri biyu ce, ko da yake mutane da yawa ɗaya suka sani. Akwai wadda ake ba ma'aikata su shiga intanet da wayoyinsu. Akwai kuma ta mai kula da na'urar, wadda da ita ake shiga cikinta a sāke kome. Na'urori da yawa sukan fito daga masana'anta da kalma guda wadda ke rubuce a littafinsu, kowa na iya samunta. Barin ta haka daidai yake da sayen kwaɗo a bar mabuɗin a jiki. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kama dubban ɗaruruwan na'urori a duniya da gwada irin waɗannan kalmomi guda sittin da 'yan kai kurum, aka yi amfani da su aka toshe manyan shafuna a Amurka cikin watan Oktoba, aka kuma gurgunta wani kamfanin sadarwa a Laberiya.

Na biyu shi ne agogo, kuma a nan ne ƙasarmu ta fi shan wuya. Yawancin waɗannan na'urori ba su da batirin riƙe lokaci. Da zarar wuta ta ɗauke, ko an juya zuwa janareta, sai na'urar ta farka ba ta san ranar da ake ciki ba, wata ma ta koma 1 ga Janairu, 1970. In ba a nuna mata inda za ta tambayi lokaci a intanet ba, aka kuma gaya mata cewa agogon Nijeriya yana gaban na Girinwic da sa'a ɗaya, to, haka za ta zauna. Mai karatu na iya cewa mene ne ruwan na'ura da kwanan wata? Amsa ita ce, takardun shaidar tsaro da kwamfutoci ke gane juna da su suna da ranar farawa da ranar ƙarewa, na'urar da ke zaune a 1970 kuwa sai ta ƙi amincewa da su. Bugu da ƙari, na'urar tana rubuta rajistar duk wanda ya shiga da lokacin shigarsa. Ran da aka yi ɓarna aka zo bincike, rajistar da ba ta da kwanan wata na gaskiya ba ta fi fayil ɗin da aka yage shafinsa na farko ba.

Sa'an nan ga batun tasha da ƙarfin murya. A zangon gigahaz 2.4, tashoshi uku ne, 1 da 6 da 11, aka saba amfani da su domin ba sa hawa kan juna. A ɗauki dogon gini irin na sakatariyar ƙaramar hukuma: in aka jera na'urori huɗu a baranda duk a tasha guda, sai su zama kamar mutum huɗu masu magana lokaci ɗaya a ɗaki. Wasu kuma sukan ƙure ƙarfin na'urar da zaton hakan ne alheri. Ashe wayar hannu tana jin kiran daga nesa, amma tata muryar ba ta keta bangon siminti ta koma ba, kamar mai shela da lasifika da wanda ke amsa masa da baki daga bayan gari. Har ila yau dole a zaɓa wa na'urar sunan ƙasa, domin tashoshin da Amurka ta halatta ba lallai ne su zo daidai da ƙa'idar hukumar NCC ba.

Sabunta manhajar na'urar shi ma wajibi ne, tun da a 2017 aka gano ɓaraka a tsarin tsaro na WPA2, kamfanoni suka fitar da gyara, amma gyaran ba ya shiga na'urar da ba a sabunta ba.

Sai dai duk wannan mai sauƙi ne ga wanda ya koya. Inda gizo ke saƙar shi ne wajen miƙa aiki. A aikin gwamnati ana canza wa mutum wurin aiki, ɗan hidimar ƙasa da ya iya kwamfuta yakan gama shekararsa ya tafi, ɗan kwangila kuma yakan yi rajistar na'urorin da adireshinsa na kansa. Kujera da kabad suna da lamba a littafin sito, amma kalmar sirrin na'urar da aka kashe wa kuɗin jama'a tana kan mutum ɗaya. Ran da ya tafi, wanda ya gaje shi ba shi da dabara sai ya danna maɓallin mai da na'urar yadda ta fito daga masana'anta, duk saitin da aka yi ya goge.

Ya kamata kafin a biya kuɗin ƙarshe na kowace kwangila a karɓi takarda mai ɗauke da sunan kowace na'ura da ɗakin da take, da tasharta, da ranar da aka sabunta ta, tare da kwafin saitin a ajiye a wuri biyu, rajista kuma ta kasance da sunan ofis. Kalmar sirri a rufe ta a ambulan a hannun shugaban sashe, a sāke ta duk lokacin da mai riƙe da ita ya bar wurin. Tun da aka kafa Dokar Kare Bayanan Jama'a a 2023, ofishin da ke riƙe da bayanan ma'aikata ko na ɗalibai shi doka za ta tambaya idan suka fita.